Kakana da Tsutsar Magarya

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya amsa kiran Ubangijinsa bayan sallar asuba a ƙarshen daminar bana, wake yana tsaka da fure. Kafin hantsi ya dubi ludayi gidan ya cika, maza a waje kan tabarmi, mu mata a tsakar gida kewaye da Iya, wato kakata, matarsa. Ni ce jikarsa mace ta fari kuma abokiyar wasansa, tun ina goye yake ce mini amaryarsa. Daga Kiru na zo jinyarsa, can nake aure, can nake ɗinki.

Wata Bafulatana mai tallar nono daga rugagen wajen Burumburum ta sauke ƙwaryarta a bakin zaure, ta shigo ta durƙusa gaban Iya. Ta ce shekarar da maruƙansu suke ta faɗuwa, shi ne ya bi mijinta a ƙafa har makiyaya, ya nuna masa ciyawar da take kashe su. Wata dattijuwa daga Badafi, wadda ba ta san shi ba sai a labari, ta tambayi ta kusa da ita ko shi ne tsohon nan mai tara tsutsa a kwalba. Aka ce mata shi ne. Dariya ta so ƙwace wa mata. Iya kanta, da idonta jajir, sai da ta murmusa ta ce ai kwalaben man shafawarta ne, bai taɓa bari mai ya ƙare a ciki ba.

Ana cikin haka matar maƙwabcinmu ta raɗa cewa ta ga Baba Ƙarami ya fita ta ƙofar baya da adda a hannu, ya nufi gona. Baba Ƙarami ƙanen Kaka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, iyayenmu ne suke kiransa haka muka tashi muka ɗauka. A tsakar gidan ba wadda ba ta san zancen ba. Gonarsa da ta Kaka a haɗe suke, kuma a kan iyakarsu akwai jerin itatuwan magarya da mahaifinsu ya bari. Damina biyu ke nan yana son sare su, yayansa ne kaɗai ya tare masa hanya, har ya taɓa faɗa a gaban mai unguwa cewa ranar da babu yayan, ranar itatuwan za su kwanta. Ga yayan yanzu a ɗaki an lulluɓe shi da mayafi, ko wanka ba a yi masa ba, wanda kuma ya kamata ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa ya ɗauki adda. Wata ta ce a hankali ai ya bari gawar ta huce. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, da ba don idon mutane ba da na ɗauki mayafina na bi shi.

Ina so in faɗi wane ne wannan tsoho, da yadda tsutsa ta shiga tsakaninsa da ƙanensa, don kada 'ya'yanmu su tashi ba su san komai game da shi ba sai zancen kwalba.

Malamin gona ne, da aikin ya yi ƙuruciyarsa da shi ya tsufa. Ya yi aiki a Tudun Wada, ya yi a Doguwa, ya ƙare a wajen masu noman rani na Tiga. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya, mai jinkirin magana. A aljihun rigarsa kullum akwai ɓarin goro da wani gilashi mai ƙara girman abu, wanda ya ɗaure da igiyar takalmi. Idan manomi ya tare shi a kasuwa ya ce wani abu yana cin gonarsa, a rubuta masa magani, sai ya ce shi ba ya ba da magani ga mara lafiyar da bai gani ba. Sai ya hau kekensa ya bi mutum, ko da kuwa ya bar cefanen Iya a hannun mai tebur. Yakan ce wanda bai durƙusa ba bai ga gona ba. Saboda haka wandunansa duk a gwiwa suke fara mutuwa, kuma tun da na koyi keken ɗinki ni nake yi musu faci. In na kai masa sai ya juya facin ya ce amarya ba ta iya ɗinki ba, a mayar masa da kayansa. Ni kuma in ce wa zai auri tsoho mai kiwon tsutsa in ba ni da na taimaka ba.

Baba Ƙarami bai yi boko ba, amma manomi ne na gaske, kuma da wake yake riƙe gidansa, gida mai yawan baki. Shekarar da abin ya fara, wakensa ya yi kyau har ana tsayawa kallo, sai da ya zo fure sai furen ya riƙa zubewa. In ka duba za ka ga an haɗe fure da ganye da kwanso an ɗaure da farin zare kamar na gizo-gizo, a ciki ga tsutsa. Da ya ɗaga kai ya dubi magaryar iyaka, sai ya ga ita ma ganyenta a nannaɗe yake, an ɗinke da farin zare, a ciki ga tsutsa. In ka taɓa ta waken sai ta yi baya da baya ta sulale ta rataye da zare. In ka taɓa ta magaryar haka za ta yi. Kuma kunyoyin da suke kusa da itatuwan su suka fi lalacewa. Tsakani da Allah, kowa ya ga wannan zai ce daga magarya tsutsar take sauka. Manoman da suke kewaye duk haka suka ce.

Ya zo ya sami Kaka a zaure da maganar a sare su a ƙone. Ya ce, "Yaya, biri fa ya yi kama da mutum."

Kaka ya ce, "Kama da wane ba wane ba ce. Ka ba ni lokaci in san wace ce ita."

Washegari kwalaben Iya suka fara ɓacewa. Ya jera su a inuwar rumbu, na waken a gefe ɗaya, na magaryar a gefe ɗaya. Kada a ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Karon farko ya toshe bakunan da murfi, ganye ya yi gumi ya ruɓe, tsutsotsin duk suka mutu. Ya koma rufewa da yankin tsohon gidan sauro yana ɗaurewa da roba. Karo na biyu tsutsar magarya ta kwanta a cikin ɗakinta yadda ya so, amma abin da ya fito wasu baƙaƙen ƙwari ne masu siririn ƙugu, kamar 'ya'yan zanzaro. Labari ya kai majalisar ƙofar masallaci, aka ce tsutsar malam ta haifi zanzaro, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Abin ya dame shi, ya yi kwanaki ba ya cin tuwon kirki. Daga baya ya gano ƙwarin nan a jikin tsutsar suke saka ƙwai, 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. Da ya gane haka sai ya koma majalisar da ƙafarsa ya ba su labari, ya ce su ci gaba da dariyar, shi dai ya ƙaru.

Wata rana na zo gida ya kira ni gindin rumbu, ya ɗora mini gilashinsa a ido. Ta waken fara ce, da ɗigo-ɗigon baƙi a jere a bayanta. Ta magaryar koriya ce shar, ƙarama, ba ɗigo ko ɗaya, sai kai mai duhu. Ya buɗe mini ganyen magarya guda in ga aikin. Ta kamo gefe da gefe ta haɗe, ta bi da zare daki-daki, ta bar ƙofa a ƙarshe, tana ciki tana kankare koren ganyen har ya zama shara-shara. Ya ce in duba da kyau in koyi sana'a, wannan ita ce tela, ni kwaikwayo nake yi. Tun ranar a gidanmu ake ce mata telar magarya.

Sai ya yi abin da har yau nake alfahari da shi. Ya musanya musu abinci. Ya ba ta magarya ganyen wake da furensa, ya ba ta waken ganyen magarya. Ta magaryar ta yi ta kewaya kwalba, ta ƙi ko ɗanɗanawa, har ta ƙanƙance ta mutu ga abinci a gabanta. Ta waken ma haka. Ya sake, ya kuma sakewa, domin ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta yanke shari'a. Waɗanda ya bari da abincinsu kuwa suka kwanta, suka fito da fiffike. Ta waken ta fito da ɗan girma, ruwan ƙasa da fararen tabo, in ta sauka sai ta baje fikafikanta. Ta magaryar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ruwan toka da zane-zane, in ta sauka sai ta tsuke fikafikan a jikinta, kuma ƙarshen kowane fiffike ya ɗan lanƙwasa kamar ƙayar itacen da ta fito. Ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne.

Ya aika a kira Baba Ƙarami ya zo ya gani. Baba Ƙarami ya ce a gaya wa yaya shi ba ya kallon kwalba, gona yake kallo, kuma tsutsa tsutsa ce. In ba daga magarya take zuwa ba, me ya sa waken gindinta ya fi lalacewa? Kaka ya ce wannan tambayar gaskiya ce, kuma bai san amsarta ba tabbas. Yana zaton itatuwan suna tare iska ne, uwar tsutsar waken ta sami wurin laɓewa, amma zato ne. Iya ta yi masa faɗa, ta ce da ya yi shiru da wannan, ga shi ya ba abokin gardama sanda. Ya ce in ya ɓoye abin da bai sani ba, wa zai yarda da abin da ya sani.

Maganar ta kai gaban mai unguwa, ya ce itacen iyaka na mutum biyu ne, ba a sare shi sai da yardar duka biyun. A nan ne Baba Ƙarami, cikin zafin rai, ya faɗi waccan magana mai nauyi. Yayana yana wurin, ya ce Kaka bai ko ɗaga murya ba. Ya ce shi ba don kansa yake hanawa ba, kuma ba don gado ba, abin da ba zai iya ba shi ne ya sa hannu a kashe mai gaskiya ya bar ɓarawo yana yawo, domin in aka sare, baɗi tsutsar waken za ta dawo, ga ba wake ga ba itace. Daga ranar mutanen da suka tsufa suna cin tuwo a kwano ɗaya a zaure, kowa ya koma ci a ɗakinsa. Gaisuwa dai ba su daina ba, amma ba ta wuce an tashi lafiya. Wannan ya ci Kaka a rai fiye da yadda ya nuna, ni na sani, domin tuwonsa dawowa yake yi.

Duk da haka, da aka yi girbi waken Baba Ƙarami bai taka kara ya karya ba, Kaka ya sa Iya ta raba nasa biyu. Ya san in ya aika da sunansa za a dawo da shi, saboda haka ya jira na zo, ya ce in kai in ce tsarabar Kiru ce. Na kai. Baba Ƙarami ya tsoma hannu a buhun, ya ɗebo ya daɗe yana kallo, irin da mahaifinsu ya bar musu ne, ba yadda za a yi ya kasa gane shi. Ya ce ashe waken Kiru yana kama da na gidanmu, Allah ya yi mini albarka. Da na dawo na gaya wa Kaka, sai ya yi dariya har da tari, ya ce taurin kan nan a nono suka sha shi su biyun. Da damina ta zagayo kuma ya bi ta hannun babban ɗan Baba Ƙarami, ya nuna masa lokacin da ake yin feshi, wato da fure ya fara fitowa kafin tsutsar ta shige ciki. Waken bana ya kama, ga magarya a tsaye. Baba Ƙarami ya ce maganin ne ya danne tsutsar, amma gidanta yana nan a kan iyaka.

Abin da ya rage wa Kaka shi ne suna. Ya ce ya wanke telar magarya daga zargi, amma bai san wadda ya wanke ba. Ya saka busassu a kwalin ashana kan auduga, ya hau motar Doguwa ya sami tsofaffin maharba da ya sani tun yana aiki a can. Suka juya kwalin, suka ce su dai duk ƙaramin abu mai fiffike da yake bin fitila faɗa-wuta suke ce masa. Ya tambayi Fulani, suka ba shi suna, da ya bincika sai ya ga sunan kowace irinta ne. A ƙarshe wani tsohon abokin aikinsa na Tiga ya haɗa shi da ɗansa da yake koyar da ilimin ƙwari a jami'a. Da wayata muka ɗauki hoton, muka ɗora gilashin Kaka a kan idon wayar, yana riƙe da shi ina yi masa tsiya. Malamin ya amsa da ladabi. Ya ce danginta sanannu ne, masu naɗe ganye ake ce musu, amma suna da yawa kuma suna kama da juna, shi bai taɓa ganin wannan daga yankinmu ba, kuma ba zai faɗi sunanta ba sai an duba ta da na'urar ɗakin binciken ƙwari. Ya roƙi a aika masa.

Na zaci Kaka zai ji haushi. Ina! Ranar har goro ya raba. Ya ce yaron nan malami ne na gaske, tunda ya iya cewa ban sani ba. Ya zauna ya shirya kwalayen da kansa, ya zuba kanumfari don kada tururuwa ta shiga, ya ba direban da ya yarda da shi. Amsar ba ta zo ba har ciwo ya kwantar da shi. Na taɓa tambayarsa ko abin yana damunsa, ya ce Wanda ya halicce ta ya san sunanta, shi dai ya yi nasa, ya nuna wa mutane tana nan.

Da jinya ta yi nisa ni nake sauya wa kwalaben ganye kowace safiya, yana kwance yana ba ni umarni ta taga, wai kada in taɓa su da hannun da na yanka albasa. Baba Ƙarami kullum sai ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce yaya jiki, a ce da sauƙi, ya daɗe a zaune, ya tashi. Kullum kuma sai ya zauna yadda rumbu zai kasance a bayansa. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci magarya ba, har ranar da Allah ya yi ikonsa.

Ya Allah, Ka jiƙan wannan bawa naka da ya ƙi yin zalunci ko ga tsutsa. Ka yalwata masa makwanci, Ka sa bincikensa ya zo da sauƙi kamar yadda ya sauƙaƙa wa bayinka, Ka ba Iya da mu haƙurin rashinsa.

To, ranar nan muna zaune a tsakar gida ana ta gaisuwa, kunnena yana gona, ina jiran in ji sara. An gama ɗinka likkafani, masu haƙa sun aiko sun gama, liman ya aiko yayana ya ce ruwa ya yi, a kawo magarya a daka, domin da ganyenta ake yi wa mamaci wanka. Aka fara 'yan kalle-kalle, ana cewa a aika maƙwabta ko akwai mai busasshe. Sai ga Baba Ƙarami ya shigo ta ƙofar baya.

Kansa ba hula. Dattijon da ko jikokinsa ba mu taɓa ganin tsakiyar kansa ba, ga shi a gaban mata da furfura a waje. Hular tana hannunsa cike da ɗanyen ganye. Addar tana hammatarsa, bakinta fes, ko ɗigon ruwan itace babu. Hannayensa kuwa tun daga yatsu har gwiwar hannu ƙaya ta yi musu kaca-kaca, jini ya bushe a wasu wuraren, a wasu yana tsattsafowa. Bai dubi kowa ba, ya wuce matansa, ya wuce Iya, ya tsaya a gabana.

Ya ce, "Amaryar Yaya, karɓi. Na ɗaga addar in saro reshe ɗaya in zo a tsige, sai na ga kowane reshe da masu ɗaki a kai. Shi ne na tsaya tsinka ɗai-ɗai. Shi ya sa na daɗe."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yan ganyayyaki naɗaɗɗu, a hankali, kamar mai ɗauko ƙwai. Ya ce waɗannan sun biyo hannunsa bisa kuskure, ya buɗe ɗaya ya gani, koriya ce, ba ɗigo. Bai san a wace kwalba yaya yake saka su ba.

Ni jika ce, bakina ba ya da linzami a gabansu. Na ce, "Baba, itatuwan fa?"

Ya dubi ƙofar ɗakin da yayansa yake kwance. Ya ce, "Ki daka masa da kyau, ya yi laushi. In tawa ta zo, a can za ki sa a tsinko mini."

Na durƙusa na karɓi hular da hannu biyu, na nufi turmi.